Dillaliya a Jaén

Ofishina yana ƙasan bene, kusa da injin gahawa.
A ƙofar an rubuta dogon suna da ba mai karantawa.
Aikina dillanci ne:
in haɗa mai ilimi da mai jari,
in zauna tsakani, in sha zafin kowa.

Anselmo Quesada ya zo ran Talata da laka a takalmi.
Gidansu na matsar zaitun tun kakansa yana yaro.
Ya ce man bana yana juyawa a kwalba,
wani ɗan wari yake yi, kamar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.
Masu saye daga Jamus sun dawo masa da mota guda.
Yana son amsa kafin a fara tsinka.
Na ce jami'a ba ta aiki da agogo, kalanda take dubawa.
Bai yi dariya ba.

Dakta Nieves ta sashen sinadarai
ta ɗebi mai a ƙananan kwalabe goma sha biyu,
ta ce a ba ta wata shida da kuɗin ɗalibi ɗaya.
Shida! Anselmo ya ɗaga kai ya kalli rufi
kamar can bankinsa yake.

Casilda, gwanar lissafi, ba ta nemi ganin ko bishiya ɗaya ba.
Littattafan shekara tara ta nema:
awon zafi, ranar tsinka, sa'ar da mota ta iso.
Akawu ya rungume su. Sirrin kamfani ne, in ji shi.
Sati uku muna jan igiya a kan takarda guda:
wa ke da abin da aka gano,
wa zai buga shi, yaushe, da sunan wa.
Lauyoyi biyu suka yi ƙiba a kanmu.

Wanda ban gayyata ba shi ne Baltasar,
malamin nazarin al'umma, mai tsohuwar jaka.
Rage masa hanya kawai muka yi.
Muna ciki muna gardama,
shi yana tsakar fili a kan akwati
tare da Fermín mai kula da tankuna,
wanda aka shekara talatin ba a tambaye shi ko ƙarfe nawa ba.
Fermín ya ce tun da aka sallami masu aikin dare
buhuna suke yini a rana, su kwana a tule,
zaitun yana gumi kafin ya ga inji.
Ya faɗa wa manaja bara.
Manaja yana kan waya.

Casilda ta koma ga lambobinta, sai ga shi kwance.
Nieves ta iske shi a kwalba ta bakwai da ta tara.
Hanya uku, kasuwa ɗaya,
amma na ƙasa ne ya riga kowa isa,
mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.

Anselmo ya mayar da mutum biyu cikin biyar.
Ya ce sauran sai ya ga ciniki.
Maƙalar ta fito bayan shekara ɗaya da rabi,
lokacin da shi ya manta da ita.
Sunan Baltasar babu, sashensu ba ya cikin yarjejeniya.
Na Fermín yana can ƙasa, wurin godiya,
da ƙananan haruffa, kuma an ci masa harafi guda.
Na kai masa kwafi. Ya juya shi, ya sake juyawa,
ya sa a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Gwangwanin mai ya iso ofishina cikin sanyi, babu wasiƙa.
Na dangwala burodi. Yana kama maƙogwaro yadda ya kamata.
Ban gama taunawa ba aka ƙwanƙwasa:
wata mai yin bulo daga Bailén,
tana so ta san ko tokar ƙwallon zaitun za ta shiga yumɓu,
kuma tana son amsa kafin Juma'a.